Ɗan Sanda da Safiyo: Yadda Turawa Suka Ɗebi Dakaru Suka Auna Hanyoyi a Ƙasar Hausa

Turawan da suka mulki ƙasar Hausa daga farkon ƙarni na 20 ba su taɓa yin yawan da za su iya riƙe ƙasar da hannunsu ba, saboda haka mulkinsu ya dogara ne a kan abubuwa biyu da suka samo daga cikin ƙasar kanta, wato mutanen da za su riƙe musu bindiga da sanda, da kuma hanyar da waɗannan mutane za su bi su isa inda aka tura su kafin labari ya riga su. Littattafan tarihi sukan raba batun soja da 'yan sanda da batun gina hanyoyi, amma ga talakan wancan zamani abu ɗaya ne, domin wanda ya zo ɗibarsa aikin hanya da wanda aka share hanyar dominsa duk jami'an hukuma ɗaya ne.

Asalin ɗibar dakaru da sunan Hausawa yana can bakin teku, shekaru arba'in kafin a ci Kano. Bayan Ingila ta mallaki Ikko a 1861, wani hafsan sojan ruwa mai suna John Glover ya tara rundunar 'yan sanda masu ɗauke da bindiga a 1863, mafi yawansu bayi ne 'yan Arewa da aka sayar zuwa ƙasar Yarbawa suka gudo daga hannun iyayen gijinsu. Dabarar a fili take: mutumin da ba shi da dangi a garin, ba ya jin harshen mutanen garin sosai, kuma 'yancinsa yana rataye a wuyan wanda ya ba shi kaki, ba zai yi nauyin hannu ba idan aka ce ya daki mutanen wurin. An kai waɗannan dakaru yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, kuma da yawa daga cikinsu da suka bar aiki sun zauna a zangunan can. Daga nan Turawa suka ɗauko ra'ayin da suka saba da shi a Indiya, cewa wasu ƙabilu an halicce su ne don yaƙi, suka liƙa wa Hausawa, alhali a cikin waɗanda aka rubuta a matsayin Hausawa akwai Barebari da Zabarmawa da Nufawa da Gurunsawa da Dakarkari, waɗanda abin da ya haɗa su shi ne Hausar bariki, wadda ake kira Barikanci, da ita ake ba da umarni a fagen fareti.

Kamfanin Neja, wanda ya sami izinin mulki daga Ingila a 1886, ya kafa tasa rundunar da ya ci Bida da Ilori da ita a 1897, kuma a wannan shekara aka soma kafa Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma a ƙarƙashin wani hafsan sojan Ingila, Lugga. Da wannan runduna Kanar Morland ya tashi daga Zariya da dakaru ɗari bakwai da 'yan kai da bindiga mai ruwa, ya shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, aka ci Sakkwato a watan Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bayan kowane ayarin soja akwai dogon layin 'yan alaro, wato masu dakon kaya a ka, kowa ɗauke da kimanin kilo 25 na harsashi ko abinci ko tanti, waɗanda sau da yawa a ƙauyukan kan hanya ake kama su, kuma sunayensu ba su shiga kowane rahoto ba.

Da yaƙi ya lafa, sai Turawa suka ga ba su da kuɗin da za su baza 'yan sandan gwamnati ko'ina, don haka suka bar tsaron garuruwa a hannun dogarai, wato bayin sarki da barorinsa masu jajayen riguna da suke kamu da tsaro da zartar da hukunci tun kafin zuwansu. A shekarun 1920 aka fitar da 'yan gadi da 'yan doka daga wannan tsari, aka ba su kaki da horo da albashi daga baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya da sarki yake shugabanta, aka kuma riƙa ɗora 'ya'yan sarauta a kansu domin aikin ya yi kwarjini. 'Yan sandan gwamnati na Kudu da na Arewa an haɗe su a 1930, amma 'yan doka sun ci gaba a hannun En'e har bayan juyin mulkin 1966.

Awon hanya kuwa ya fara ne a hannun hafsoshin soja da razdan-razdan da di'o-di'o, waɗanda aka umarta su zana taswirar duk hanyar da suka bi a rangadi, da kamfas mai nuna alƙibla da agogo, suna rubuta sunan kowane gari da rijiya da mashigin rafi da tsawon tafiya tsakaninsu. Bayansu sai safiyo, wato ma'aunin ƙasa, ya zo da sarƙar awo mai tsawon ƙafa 66, wadda idan aka ja ta sau 80 an yi mil guda. Mutum biyu ke jan sarƙar, na gaba ya kafa ƙusa a ƙasa na baya ya tsince ta, wani yana riƙe da sandar tuta a nesa, wasu kuma suna gaba da adda da gatari suna sare duk abin da ya tare layin, ko kuka ce ko dangar gida ko gonar gero da ta kusa nuna. Ilimin da aka zuba a taswirar ba na safiyo ba ne shi kaɗai, domin madugai da fatake da suka yi ƙarnoni suna bin hanyar goro zuwa Gwanja su suka san inda ruwa yake da rani da inda fadama ke cin jaki da damina, amma buƙatar da ta zaɓi layin ta hukuma ce: daga bariki zuwa bariki, daga baya kuma daga kasuwar gyaɗa da auduga zuwa tashar jirgin ƙasa, musamman bayan layin dogo da aka fara daga Baro a 1907 ya iso Kano a 1911.

Darajar hanya a idon Turawa ta fito sarai a batun iyakar Nijeriya da Nijar. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a 1898 ta zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100 ta ba Ingila, abin da ya bar Faransawa ba su da hanya mai rijiyoyi daga Kogin Kwara zuwa Damagaram, sai da aka sake yarjejeniya a 1904 da 1906 aka ja iyakar zuwa kudu, ma'auna na ƙasashen biyu suka bi ta suna kafa alamu. Garuruwan Hausawa da dama sun tsinci kansu a ɓangaren Faransa ne domin ayarin soja ya sami wurin shan ruwa.

Idan an gama awo, aikin ya koma kan talaka. A Kudancin Nijeriya dokar hanyoyi ta 1903 ta ba sarakuna ikon kiran mutane aikin kwana shida a kowane wata uku, a Arewa kuma umarni kan sauko daga razdan zuwa sarki, zuwa hakimi, zuwa dagaci, wanda zai fitar da adadin mutanen da aka yanka wa garinsa, dogari ko ɗan doka ya tasa su gaba da fartanyarsu da guzurinsu. Mai hali yakan fanshi kansa ko ya tura baransa, saboda haka nauyin ya fi faɗa wa wanda ba shi da mai tsaya masa. Yawancin hanyoyin na rani ne, ruwan damina yana wanke su, kaka na yi a sake kiran mutane su cike zaizaya, su zuba burji, su gyara bariki.

A ɓangaren Faransa abin ya fi tsanani, domin an mayar da aikin tilas wani nau'in haraji da kowane namiji zai biya da kwanakin aiki, ga dokar da ta ba kwamandan yanki ikon ɗaure mutum ba shari'a, ga ɗibar soja ta dole da aka tsaurara a 1919, abin da ya sa iyalai da yawa suka tsallako iyaka zuwa Katsina da Sakkwato da Kano. Nijeriya ta taƙaita aikin tilas da dokar 1933, bayan yarjejeniyar ƙwadago ta duniya ta 1930, duk da haka an sake ɗibar dubban mutane zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A ƙasashen Faransa sai a watan Afrilu 1946 aka soke shi, da dokar da Félix Houphouët-Boigny ya gabatar a majalisar dokokin Faransa.