Masu Ƙera Manhajar Salula Da Kasuwar Gangara: Sai Waya Ta Iya Lissafin Tiya Da Dala

Duk wanda ya taɓa ɗora buhun hatsi a mota daga Gangara zuwa Bakin Birji ko Damagaram, ya san zafin da ke cikin isa kasuwa a tarar farashi ya faɗi. Kuɗin mota sun tafi, na ƴan dako sun tafi, ga rana tana yi, kuma komawa gida da kaya wata asarar ce. A nan ne dillali ke samun yadda yake so, domin ya san mai kaya ba ya da mafita. Iyayenmu mata masu awo da masu sayar da wake, kuka da kuɓewa busasshiya su ma haka abin yake gare su, sai dai tasu asarar ba ta yin ƙara, a ƙullin zane take ƙarewa.

Wannan matsala ce ta sa wani matashi ɗan asalin Gangara, wanda ya yi karatun kwamfuta a Damagaram, ya riƙa zuwa gidan rediyon da nake aiki yana nuna mini abubuwan da yake ƙerawa da dare bayan ya tashi daga aikin da yake ci da shi. Sana'arsa ita ce gina shafukan intanet ga masu shaguna da ƙungiyoyi. Amma abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne wata ƴar manhaja, wato irin shirin nan da ake sakawa cikin salula, wadda yake so ta riƙa gaya wa ɗan kasuwa farashin hatsi, dawa da wake a kasuwannin Damargu kafin ya bar gida. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ke biyansa. Kusan kowane wata sai ya zo da wani sabon abu da ya ƙara a ciki.

Labarin farashi tsohon abu ne

Neman sanin farashi daga nesa ya girmi salula. Tun shekaru da dama gwamnatin Nijar ke da ma'aikatar SIMA, wadda wakilanta ke shiga kasuwanni suna rubuta farashin cimaka, a tattara a Yamai, sannan a watsa ta rediyo. Akwai kuma takwararta mai kula da kasuwannin dabbobi. Mu da ke bakin makirfo mun san amfanin wannan aiki, mun kuma san rauninsa: farashin da aka ɗauka a wannan mako, kafin ya iso kunnen mai saurare wani lokaci kasuwa ta riga ta juya.

Salula ta shigo Nijar a 2001, ta kuma riƙa bazuwa kasuwa bayan kasuwa. Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin farashin hatsi a kasuwannin ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006, lokacin da ya haɗa da yunwar 2005 wadda Damargu ba za ta manta da ita ba. Abin da ta gano shi ne, inda rezo ya isa, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma ragin ya fi yawa tsakanin kasuwannin da ke nesa da juna ko waɗanda hanyarsu ba ta da kyau. Dalili a fili yake. Ɗan kasuwar da a da sai ya yi tafiyar yini kafin ya san abin da ake ciki, yanzu kira ɗaya ya ishe shi, sai ya kai kayansa inda ake nema. A lura, duk wannan ya faru ne da ƙaramar waya mai maɓalli, ba tare da intanet ba.

Ƴan ƙasa da suka gwada

Matashin namu ba shi ne na farko ba. Abdou Maman Kané, masanin kwamfuta ɗan Nijar, ya ƙera wata dabara da ya sa wa suna Télé-Irrigation, wato ban ruwa daga nesa. Ana haɗa injin jan ruwa mai aiki da hasken rana da wata na'ura mai karɓar kira, mai lambu yana gida ko yana kasuwa sai ya latsa wayarsa ruwa ya fara zuba, ya sake latsawa ya tsaya. Wannan aiki ya samo masa kyautar kamfanin Orange ta masu ƙirƙira a Afirka a 2011, sannan a 2015 ya karɓi babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hassan na Biyu na Maroko, a birnin Daegu na Koriya ta Kudu. Kamfaninsa shi ne Tech-Innov. Gaskiya ne noman Damargu galibi na damana ne, rijiyoyinmu kuma suna da zurfi, don haka ba kowa ne a nan zai ci moriyar injin ba. Darasin da ke ciki shi ne, mutumin ya gina dabararsa a kan wayar da manomi ya riga ya mallaka.

A 2018 kuma wata ɗalibar Nijar, Salissou Hassane Latifa, ta lashe gasar Miss Geek Africa a Kigali, babban birnin Ruwanda, da manhajarta mai suna Saro, wadda aka tsara domin sanar da masu agaji idan haɗarin mota ya auku, tare da nuna wa waɗanda ke kusa taimakon farko da za su iya yi. Duk mai bin hanyar Damagaram zuwa Tanut da Agadas a bayan babbar mota, bisa lodin kaya, ya san wannan ba maganar wasa ba ce.

Sai ƙungiyar RECA, wadda ta haɗa majalisun manoma na jahohin Nijar. Tana da cibiyar kira inda manomi ke iya aika tambaya da muryarsa, ko ya ɗauki hoton ganyen da tsutsa ta ci ya tura ta WhatsApp, a ba shi amsa da Hausa ko Zabarmanci. Ba a ce sai ya iya rubutu ba, ba a ce sai ya ji Faransanci ba.

Ranar da manhaja ta shiga kasuwa

Da matashin ya ga aikinsa ya yi ƙwari, sai na ba shi shawara mu bar ɗakin rediyo mu je kasuwar Gangara mu gwada. Muka zauna wajen wata dattijuwa mai awon hatsi wadda ta yi shekaru a rumfa ɗaya. Ya durƙusa ya gaishe ta, Inna sannu da kasuwa, ya miƙa mata wayar yana murmushi.

Ba a yi minti biyar ba aikin watanni ya fara warwarewa. Da farko an rubuta komai da Faransanci. Ya karanta mata, ya fassara. Sai ta tambaye shi farashin da ya faɗa na mene ne, ya ce na kilo ɗaya. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa sayar da kilo ba, da tiya take awo. Tiyar hatsi wajen kilo biyu da rabi ce, buhu mai kilo 100 kuma yana cin tiya wajen 40, amma ko wannan ya danganta da kwanon da hannun mai awo, domin tiyar wata kasuwa ta fi ta wata cika.

Sai maganar kuɗi. Manhajar tana ƙirga sefa yadda aka rubuta a jikin takardar kuɗi, kasuwa kuma da dala take ƙirga. Abin da waya ta kira 100, a bakin Inna dala 20 ne. Abin da ta kira 750, dala 150 ne. Abin da ta kira 1000, jika guda ne. Mai saurare da ya ji an ce ɗari bakwai da hamsin da Hausa, zai ɗauka dala ake nufi, wato sefa 3750, ninki biyar ke nan. Irin wannan kuskure kaɗai ya isa ya sa mutum ya ɗauki kaya ya yi tafiyar banza.

Daga ƙarshe ta zaro tata wayar daga ƙullin zane, ƴar ƙarama mai tocila, wadda ake kai wa mai sola ya yi mata caji. Ta ce masa, ɗana, in abin naka ba ya shiga wannan, to na masu manyan wayoyi ne, kuma su ne dama suka riga mu sanin farashi. Sannan ta yi tambayar da ta fi kowace nauyi: wane ne zai riƙa faɗa wa wayar farashin? In dillali ne, ai kura aka ba ajiyar nama.

Abin da aka riga aka gani a jaharmu

Abin da Inna ta faɗa ya dace da abin da aka gwada a ƙasar nan. A 2009 ƙungiyar Catholic Relief Services ta soma wani shirin yaƙi da jahilci mai suna ABC a ƙauyukan jahohin Damagaram da Doso, inda aka haɗa koyon karatu da lissafi da koyon amfani da salula. Manyan da aka koya wa waya sun fi sauran cin jarabawa, domin sun samu abin da za su riƙa karantawa da rubutawa kullum bayan an tashi daga aji. A 2010 kuma, lokacin ƙarancin cimaka, ƙungiyar Concern ta raba tallafin kuɗi a jahar Tawa, wasu mata ta hanyar Zap, wato aika kuɗi ta waya na kamfanin Zain wanda daga baya ya koma Airtel, wasu kuma hannu da hannu. Matan da suka karɓa ta waya sun rage tafiya da jiran layi, kuma an ga abincin gidajensu ya fi bambanta. A duka biyun, sai da aka zauna da mutane aka koya musu da harshensu kafin abin ya yi amfani.

Kayan aiki kuwa sun ƙaru tun daga lokacin. A 2013 WhatsApp ya fito da saƙon murya, wanda yanzu shi ne wasiƙar ƴan kasuwa tsakanin Damargu, Maraɗi da Dawanau ta Kano. A ƙarshen shekarar ne kuma Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Al Izza da Amana sun rage wa fatake ɗaukar kuɗi a aljihu a kan hanya. Masu ciniki da Najeriya kuma suna tune da farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi wuya bayan canjin kuɗi, har ciniki da yawa ya koma tiransifa ko ana so ko ba a so.

A yi hattara

Inda kuɗi suka bi, ɓarawo ma nan yake bi. Akwai masu aiko saƙon ƙarya mai kama da na shigar kuɗi, su karɓi kaya su tafi. Akwai masu kira su ce an yi kuskuren turo kuɗi, a mayar musu. Akwai masu cewa su ma'aikatan kamfani ne, a faɗa musu lambar sirri. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri. Kada a saki kaya sai an duba asusu da kai an ga kuɗin sun shiga, in ba a iya karatu ba a sa ɗa ko jika amintacce ya duba. Nijar tana da doka kan kare bayanan mutane tun 2017, da ta hukunta laifukan intanet tun 2019, amma doka ba ta saurin maido da jarin da ya riga ya tafi.

Duk wanda ya kawo muku sabuwar manhaja a kasuwa, ko ɗan gida ne ko baƙo, ku tambaye shi abu huɗu. Tana aiki a ƙaramar waya, kuma tana magana da Hausa da murya? Daga bakin wa take samun farashi, kuma na wace rana ne? Nawa take ci na kiredi ko na intanet a wata? In ta ɓatar da mutum ko kuɗi suka maƙale, ƙofar wa za a buga? Wanda ya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, ya cancanci a saurare shi.

Ya dawo

Bayan wata biyu matashin ya sake zuwa gidan rediyo. Ya cire Faransancin, ya mayar da awo tiya da buhu, kuɗi kuma dala da jika. Ya ajiye maganar manyan wayoyi a gefe, yana gwada hanyar da mutum zai kira lamba ya ji farashi da murya. A kowace kasuwa yana neman mutum biyu da ba su san juna ba, mai awo guda da manomi guda, kowa ya faɗi abin da ya gani, in maganarsu ta saɓa ya sake bincike. Abin da ya rage masa shi ne kuɗin kiran da ɗan hasafin waɗanda za su riƙa kawo labari, domin har yanzu daga aljihunsa yake biya, kuma aljihun mai gina shafuka a Damagaram ba shi da zurfi.

Shawarata ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu adashi a Gangara, Tanut da Belbeji ita ce, su kira irin waɗannan yara su zauna da su tun aikin yana ɗanye, su faɗa musu yadda ake awo da yadda ake ƙirga, in kuma abin ya yi musu, su duba ko ɗan abin da za a riƙa tarawa a mako zai iya ɗaukar nauyinsa. Na biyun da muka koma kasuwa, Inna ta kara wayarta a kunne ta saurari farashin Bakin Birji har ƙarshe, sannan ta ce a sake sa mata, wai mai maganar yana sauri kamar ɗan rediyo.