Farin Ɗigo a Jikin Kifin Ado

Yau shirin namu ya leƙa cikin akwatin gilashi, irin wanda kuke gani a falon wasu gidaje ko a otal, kifaye masu launi suna ta kai da komo a ciki. Abin da ya kawo mu shi ne ranar da mai akwatin zai tashi da safe, ya kunna fitila, ya tarar da kifinsa kamar an barbaɗa masa gishiri. Fararen ɗigo a jela, fararen ɗigo a fiffike, kifin kuma yana goga jikinsa da tsakuwa kamar mai ƙaiƙayi.

Kafin mu kai ga ɗigon, bari in share fage a gurguje. Yawancin ciwon kifin ado daga ruwa yake tasowa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, amoniya kuwa guba ce. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zama a matatar ruwa, su ne ke juya amoniya ta koma nitirait, sannan ta koma nitiret mai sauƙin illa. Sabon akwati yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin waɗannan ƙwayoyi su kafu. Wanda ya sayo akwati yau, ya cika shi da kifi gobe, shi ya jawo wa kansa. In ka ga kifi ya taso saman ruwa yana haki, fara da auna ruwan, ka canza wani kaso nasa, kafin ka nufi shagon magani. Ruwan famfo kuma yana iya zuwa da kulorin, sai an kashe ta.

To, mu koma ga ɗigon, domin nan hankalina ya tsaya.

Masu kiwon kifi suna ce masa "ik". Cikakken sunansa dogo ne, Ichthyophthirius multifiliis, kuma wani masani Bafaranshe mai suna Fouquet ne ya raɗa masa shi a 1876. Da na duba ma'anar sunan sai da na yi dariya: ƙwarƙwatar kifi mai 'ya'ya da yawa. Ba ƙwarƙwata ba ce a zahiri, halitta ce mai ƙwayar jiki guda tak, amma kan batun 'ya'ya, Fouquet bai yi ƙarya ba.

Ku saurari yadda take rayuwa, don maganin duka a nan yake. Wannan farin ɗigon da ido ke gani, ƙwayar ce ta kutsa ƙarƙashin fatar kifi ta zauna tana ci. Fatar ta rufe ta. Magani ba ya kai mata. Na sake faɗa: ɗigon da kake gani, magani ba ya taɓa shi. Idan ta ƙoshi, takan kai kusan milimita 1, sai ta fasa fatar ta faɗo ƙasan akwati, ta lulluɓe kanta da wani kwanso, ta manne a tsakuwa ko ganye. A cikin kwanson nan take rarrabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har su kai ɗaruruwa. Sai kwanson ya fashe, 'ya'yan su bazu cikin ruwa suna neman kifi. Kwana ɗaya zuwa biyu suke da shi. Wanda bai samu kifi ba ya mutu.

A wannan ɗan tsakanin ne kawai, lokacin da suke iyo tsirara, magani ke kama su.

Kun ga inda mutane ke faɗawa rami? Mutum ya zuba magani, bayan kwana uku ɗigo ya ɓace, ya ce alhamdu lillahi, ya ajiye kwalba. Alhali ɗigon ba warkewa ya yi ba, sauka ya yi ya je haihuwa. Mako na zagayowa, kifin da ke da ɗigo goma ya wayi gari da ɗari, har cikin gefen kansa inda yake shaƙar iska, kuma can ne take kisa. Shi ya sa ake ci gaba da magani kwanaki bayan ɗigo na ƙarshe ya ɓace, galibi kwana 10 zuwa 14 gaba ɗaya.

Zafin ruwa shi ke tuƙa wannan zagaye. A ruwa mai ɗumi, wajen digiri 25, ƙwayar takan gama zagayenta cikin mako guda ko ƙasa da haka. A ruwan sanyi sai ta ja makonni. Don haka masu kiwo kan ɗaga zafi sannu a hankali zuwa wajen digiri 30, su hanzarta ta fito fili. Sai dai ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai, dole a ƙara injin hura iska. Kuma a nan gida, lokacin hunturu ne abin lura, sa'ad da ruwan akwati ke hucewa da dare; wannan hawa da sauka yana raunana kifi, ƙwayar ta sami ƙofa.

Maganin fa? Mafi araha gishiri ne, giram 1 zuwa 3 a kowace lita, a narka shi a zuba kaɗan-kaɗan. Amma kifaye marasa ɓawo a jiki, dangin tarwaɗa, da kuma tsirran cikin akwati, ba kowane ne ke jure shi ba.

Wasu magungunan kuwa, abin mamaki, daga marina suka fito. A 1876, shekarar da Fouquet ya sa wa cutar suna, a can Jamus wani masanin haɗa sinadarai, Heinrich Caro, na kamfanin BASF, ya haɗa wani shuɗin rini da ake kira methylene blue. Tufafi yake nufi, ba kifi ba. A 1891 kuma Paul Ehrlich da Paul Guttmann suka ba wa masu zazzaɓin cizon sauro wannan rini a Berlin, ya yi aiki, ko da yake yana mai da fitsari shuɗi-shuɗi. Wato wannan 'yar kwalbar da ake ɗiga wa kifin falo, da ita aka taɓa yaƙar maleriya. Ni dai wannan ya burge ni. Gaskiyar magana, a kan ik wannan shuɗin rini ba shi ne gwani ba. Ya fi amfani wajen hana funfuna kama ƙwan kifi, kuma yana kashe ƙwayoyin nan masu amfani na matata, don haka a wani mazubi dabam ake sa shi. Wanda ya fi ƙarfi ɗan'uwansa ne kore, malachite green, shi ma rini, wanda ake yawan haɗawa da fomalin. A cire gawayin da ke cikin matata kafin a zuba, in ba haka ba gawayin ya shanye maganin.

Jan kunne ga masu kiwon tarwaɗar sayarwa, don su ma ik na ziyartar su: malachite green ba na kifin ci ba ne. Amurka da Tarayyar Turai sun hana amfani da shi a kifin da mutane za su ci, saboda ragowarsa na daɗewa a tsoka kuma ana zargin yana jawo ciwon daji.

Ina ganin agogo na hararata, bari in tattara. Ba kowane fari ne ik ba. Namijin kifin zinariya yakan fitar da 'yan fararen ƙuraje a murfin gefen kansa lokacin barbara, lafiyarsa ƙalau. Fari kamar auduga a baki ko a gadon baya kuwa, sau da yawa bakteriyar columnaris ce, ita kuma zafi take so. In ka ɗaga mata zafi da zaton ik ce, ka taya ta aiki. Kifin da cikinsa ya kumbura, ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye, sau da yawa ƙoda ce ta gaza, samun sauƙi da wuya. Sabon kifi a keɓe shi mako 2 zuwa 4 kafin ya shiga cikin sauran.

Na ƙarshe, mai rauni a hannu ya sa safar roba kafin ya tsoma shi a akwati. Akwai wata 'yar'uwar ƙwayar tarin fuka, Mycobacterium marinum, da ke kama kifi, tana kuma shiga ta yanka ta bar wa mutum ƙulli a fata da ke ɗaukar watanni ana magani. In haka ta faru, a gaya wa likita ana kiwon kifi.