Illolin Allurar Riga-kafin Korona a Baki

Ranar 2 ga Maris, 2021 ce allurar riga-kafin korona ta kamfanin AstraZeneca ta fara isowa Abuja, kwalabe masu ɗauke da allura kusan miliyan 4. Tun daga lokacin aka yi ta maganganu game da abin da kan biyo bayanta. Ciwon dantse da zazzaɓi da kasala sanannu ne, kuma sukan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, domin alama ce ta cewa garkuwar jiki ta motsa. Waɗanda suka shafi baki su ne ba a cika bayyanawa ba.

Mafi yawansu masu sauƙi ne. Wani yakan ji ɗanɗanon ƙarfe a harshe, wani bushewar baki, wani kuma ƙananan gyambuna su fito masa a leɓe ko a dasashi, su warke da kansu cikin mako ɗaya zuwa biyu. Sai dai irin waɗannan gyambuna kan fito wa mutane ko ba allura, saboda haka da wuya a ce ga tabbataccen sanadinsu.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne karkacewar baki, watau shanyewar ɓarin fuska, wadda a ƙasar Hausa akan danganta da shafar iskoki. Asalinta kumburi ne na jijiyar da ke motsa naman fuska. A gwajin allurar Pfizer na 2020, cikin mutum fiye da 40,000, huɗu suka same ta, dukkansu daga waɗanda aka yi wa allurar ta gaske, babu ko ɗaya daga waɗanda aka yi wa ruwan gishiri. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ce wannan adadi bai zarce yadda ciwon ke aukuwa cikin jama'a ba, amma ta nemi a ci gaba da sa ido. Galibin masu ciwon sukan warke cikin makonni ko 'yan watanni, musamman idan aka fara magani kafin kwana uku su cika. Jinkirin da akan yi ana turare da tofi, shi ke cinye waɗannan kwanaki. In kuwa hannu ko ƙafa sun yi nauyi tare da fuskar, to ana tsoron shanyewar ɓarin jiki ne, asibiti nan take.

Kumburin leɓɓa da harshe da maƙogwaro jim kaɗan bayan allura shi ne mai haɗarin gaske, ko da yake bai wuce mutum biyar cikin miliyan ba. Dalilin da ya sa ake zaunar da mutum minti 15 kafin a sallame shi ke nan. Haka kuma zubar jini daga dasashi ba gaira ba dalili bayan allurar AstraZeneca yana iya nuna ƙarancin ƙwayoyin da ke daskarar da jini, kuma yana bukatar gwaji. Kamfanin ya janye wannan allura daga kasuwa a 2024, bisa hujjar raguwar masu nemanta.