Tsohon Gidan Silima Da Akushi Ya Ceto

A unguwar Mission ta birnin San Faransisko, a ƙasar Amurka, akwai wani gidan silima mai suna New Mission, wanda aka buɗe a 1916. Ya yi tashe a zamaninsa, har aka sake masa kwalliya a 1932. Da kasuwarsa ta mutu, sai aka rufe shi a 1993, ya koma shagon sayar da kujeru da gadaje. Sai a watan Disamba na 2015 kamfanin Alamo Drafthouse, wanda ya faro a birnin Austin a 1997, ya sake buɗe shi bayan gagarumin gyara.

Na shiga wannan gida a wata ziyara da na kai shekarun baya, kuma abin da na gani ya tsaya mini a rai. Adon da ke jikin bango da rufi na nan kamar yadda magina na farko suka bar shi, amma a gaban kujeru an girke tebura. Ana cikin kallo na rubuta abin da nake son ci a 'yar takarda, na kafa ta a bakin tebur. Can sai ga ma'aikaci ya zo a sunkuye don kada ya tare wa kowa allo, ya ɗauka, ya dawo da abinci da zafinsa. Babu mai magana, babu mai latsa waya, domin duk wanda aka gargaɗa bai ji ba, waje za a yi da shi.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai holewar masu hali ce kawai. Ni ma haka na zata, sai da na dubi lissafin. Kaso mai tsoka na kuɗin tikiti yana komawa ne aljihun kamfanonin da suka mallaki fim, musamman a makonnin farko. Ribar abinci kuwa ta gidan ce. Ke nan akushin nan shi ke biyan ma'aikata, shi ke toshe yoyon rufin da ya haura shekara 100. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai dai gyaran bai zo a kyauta ba. Gidan da aka gina domin lebura da iyalinsa su huta da 'yan sulallansu, yau sai mai ɗan abin hannu ke iya zama ya ci ya ƙoshi a cikinsa. Ƙarar cokali kuma takan saci hankalin mai kallo daidai inda labari ya ɗauki zafi.

Duk da haka, na fito ina tunanin Kano, inda aka buɗe silimar Rex tun 1937, daga baya su Palace da Plaza da Orion suka biyo. Mu ma mun ci gyaɗa da rake a gaban allo, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da muka rasa shi ne dabarar mayar da wannan al'ada jarin da zai riƙe ginin. Tsohon gini ba ya rayuwa da yabo ko da kewar masu tuna baya. Sai an sama masa sana'ar da za ta ciyar da shi. In ba haka ba, 'ya'yanmu a bakinmu kaɗai za su ji labarinsa.