3.4 Yadda Bahaushe Yake Gane Ƙaratowar Damina

Kamar yadda aka yi bayani a baya, noma shi ne ginshiƙin rayuwar Bahaushe. Saboda haka sanin lokacin faɗuwar damina muhimmin abu ne a gare shi, domin wanda ya yi gaggawar shuka a ruwan farko, ruwan kuma ya ɗauke, irinsa yakan ƙone a ƙasa. Wanda ya makara kuwa, ruwa yakan janye kafin dawarsa ta nuna.

Watannin Musulunci ba su isar manomi wajen wannan lissafi, saboda shekarar Hijira kwana 354 ce, wato ta gaza shekarar rana da kimanin kwana 11. Wannan ya sa wata ɗaya yakan zagaya, ya faɗo a damina, bayan wasu shekaru kuma ya faɗo a rani. Dalili ke nan da malamai suka riƙi lissafin taurari da suka samo daga Larabawa. Taurarin 28 ne, kowannensu yana da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. An kasa su bakwai-bakwai a kan bazara da damina da kaka da kuma ɗari. Manomi yakan tambayi malami tauraron da ake ciki kafin ya yanke shawarar yin shuka.

Baya ga wannan, akwai alamomin da ake lura da su a muhalli. Idan zafi ya tsananta, iska ta juya ta riƙa busowa daga kudu maso yamma, an san bazara ta kankama. Haka kuma dawowar shamuwa da yin sheƙarta a bishiyoyin gari alama ce ta ruwa ya kusa. Gawo kuwa saɓanin sauran itatuwa yake yi, domin da damina yake zubar da ganyensa.

Yaro yakan koyi waɗannan abubuwa ne ta hanyar bin mahaifinsa gona da sauraron hirar dattawa, har shekara da shekaru su tabbatar masa da abin da ya ji. Sai dai alamomin ba su hana kuskure, kamar yadda farin 1973 da na 1984 suka nuna. Shi ya sa manomi ba ya cinye irinsa duka a shuka ɗaya, yakan rage na ƙorfe ko na sake shuka.