ƘURAJEN FUSKA: YAWAN WANKI DA YAWAN MAGANI NA ƘARA SU

Yau za mu yi magana bisa wata cuta da ba ta kisa, amma tana hana samari da ƴan mata sukuni. Ita ce ƙurajen fuska, waɗanda wasu ke kira bar-ni-da-mugu. Duk wanda ya zaga kasuwar Dogon Dutsi, ko ta Matankari, ko ta Kore Mai Ruwa, zai ga matasa da yawa masu fama da su. Zai ga kuma ƴan talla da tire cike da sabuni da mayuka, kowa na cewa nashi ne magani.

Ga abin da ke faruwa sau da yawa. Yarinya ce anka sa ranar aurenta bayan kaka. Sai ga ƙuraje biyar ko shida sun fito mata ga goshi. Wata ƙawa ta ce mata dauɗa ce, ta riƙa dirzawa da soso. Ta dirza sau biyar a yini. Wata ta ce ta shafa lemun tsami da kanwa. Ta shafa. Fuska ta fara zafi, tana saɓa. Ran kasuwa ta saida kazarta, ta sayi wani mai na cikin kwali. Mako biyu na farko fuska ta yi haske, ta yi murna. Kafin wata biyu ƙuraje sun rufe kumatu da haɓa, ga baƙin tabo ko'ina. Kuɗi sun tafi, fuska ta ɓaci. Garin neman gira an rasa ido.

MI KE KAWO ƘURAJEN?

Fatar mutum na da ƴan ƙofofi ƙanana inda gashi ke tsirowa. Ƙarƙashin kowace ƙofa akwai wata ƴar jaka mai yin maiƙo. Maiƙon nan na fitowa sannu-sannu, shina tausasa fata, shina tsare ta daga bushewa. Ga fuska da ƙirji da gadon baya jakunkunan nan sunka fi yawa. Shi ya sa nan ne ƙurajen ke fitowa.

In yaro ya fara balaga, jikinshi na yin wasu sinadarai na girma, masu sa murya ta buɗe, gemu shi tsiro. Su ne ke sa maiƙo shi ƙaru. Jikin ƴan mata ma na yin irinsu, amma kaɗan. Fata kuma kullum tana zubda tsohuwar saɓa wadda ido ba shi gani. In maiƙo ya yi yawa, ya haɗu da saɓar nan, sai ƙofa ta toshe daga ciki. Kamar indararo ne da laka ta cushe: ruwa na zuwa, babu hanyar fita.

Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune bisa fatar kowa, mai ƙuraje da marar ƙuraje. In ta samu ƙofa a toshe, sai ta hayayyafa ciki. Wurin shi kumbura, shi yi ciwo, shi tara mugunya.

Wasu ƙurajen na da baƙin kai. Mutane na tsammanin dauɗa ce ta maƙale. A'a. Maiƙo ne da iska ta taɓa, ya rine, kamar yadda goro ke rinewa in an ɓare shi an aje.

Masana sun ce cikin matasa 10, wajen 8 na samun ƙurajen nan tsakanin shekara 12 da 24. Akwai gado a ciki. Ga mata, suna ƙaruwa in al'ada ta kusa. Ba a ɗaukar su daga wani. Ba jifa ba ne, ba aikin iskoki ba ne. Maiƙon fuska kuma ba man gujiyar da anka ci ne ke fitowa ba, fata ce ke yin abinta.

ƘAƘA YAWAN WANKI KE ƁATA FUSKA?

Kowane manomi ya san amfanin yaɓe ga rumbu. In yaɓe ya zube, ruwa da gara sun samu hanya. Fata ma na da nata yaɓe. Wani siririn maiƙo ne mai ɗan tsami, wanda ke riƙe laima cikin fata, shina hana ƙwayoyin cuta shiga.

Masana na da wani ma'auni mai lamba daga 0 zuwa 14. Ruwa tsantsa na bisa 7. Abin da ke ƙasa da 7 mai tsami ne. Abin da ke sama da 7 dangin kanwa ne da toka. Fata lafiyayya na kusa da 5. Sabunin wanki na kaiwa 9 ko 10. Sabunin salo ma da toka ake yin shi, ƙarfi gare shi. Ruwan lemun tsami kuwa na kusa da 2. Kun ga kenan, da kanwa da lemun tsami duk sun yi nisa da abin da fata ke so. Lemun tsami na da wani aibi kuma: in an shafa shi an shiga rana, shina ƙona fata, shi bar baƙin tabo.

In mutum na wanke fuska da sabuni sau huɗu ko biyar a yini, yaɓen nan na kankarewa. Fata ta bushe, ta tsage, ta riƙa zafi. Ƙurajen kuwa suna nan, don toshewar can ciki take, soso bai isa wurin ba. Dirzar ce ma ke fasa ƴan jakunkunan daga ciki. Maiƙo da ƙwayoyin cuta su watsu cikin nama. Ƙurji ƙarami shi zama babba.

Wannan ba sabon sani ba ne. A shekarar 1975 wasu masana biyu na Amurka, Mills da Kligman, sunka rubuta bayani bisa ƙurajen da yawan wanki da sabuni ke tadawa, da waɗanda gogayya ke tadawa. Tun lokacin ake koya ma masu aikin lafiya wannan darasi.

A nan Arewa sai mu ƙara hattara. Daga watan 11 zuwa watan 2 iskar hunturu na busar da fata tun ba a taɓa ta ba. Wanda ya haɗa hunturu da sabuni mai ƙarfi da soso ya tara ma fuskarshi wahala.

Wani zai tambaya: to, alwala fa? Alwala ba ta cikin wannan lissafi. Ruwa ne kawai da tafin hannu, babu sabuni, babu dirza. Ba ta ɓata fuska.

KAR A MATSA ƘURJI

Hannun mai ƙuraje kullum shina ga fuska. In an matsa ƙurji, kaɗan ne ke fitowa waje, saura na nutsewa ciki. Farce kuma na kai wata dauɗar. Ƙurjin da zai warke cikin mako guda sai shi kai wata.

Mu baƙar fata, duk inda fatarmu ta ji ciwo tana barin baƙin tabo. Tabon na iya yin watanni, wani ma shi wuce shekara kafin shi ɓace. In ƙurjin ya yi zurfi, shina barin rami wanda ba shi cikewa. Ga wasu mutane tabon na tasowa shi yi tudu mai tauri, musamman ga muƙamuƙi da ƙirji.

Wurin da ya fi hatsari shi ne hanci da leɓen sama. Jijiyoyin jini na wurin nan na da hanya zuwa cikin kai. Ba kasafai ba ne, amma matsa ƙurji nan na iya kai cuta can ciki, har ta zama ta ajali.

MAN KITSO DA MAN SHAFA

A shekarar 1970 wasu likitocin fata na Amurka sunka duba baƙaƙen fata maza masu shafa mai kauri ga gashi kullum. Sunka tarar da ƴan ƙuraje jere ga goshinsu da gefen fuska, daidai inda man ke gangarowa. Haka abin yake nan wurinmu. Man shanu da sauran man kitso, in zafin bazara ya narkar da su, suna saukowa ga goshi su toshe ƙofofin fata. Kallabi ko hula mai matsi, da gumi ƙarƙashi, na ƙara abin. A shafa mai ga gashi kaɗan, nesa da goshi. A riƙa wanke kallabi da hula da rigar matashin kai.

MAN SA FARI, BABBAN MACUCI

Mayukan sa fari da ake saidawa a kasuwanni, da yawansu na ɗauke da magani mai ƙarfi da anka yi don wasu cututtukan fata. Lokotoro ne kaɗai ya kamata shi rubuta shi, na ƴan kwanaki. Ku da kunka iya karatu yanzu, ku duba jikin kwali. In kun ga an rubuta Clobétasol, ko Bétaméthasone, ko Hydroquinone, ku aje shi, kar ku saya.

Clobétasol da Bétaméthasone na kwantar da kumburi da farko. Shi ya sa mai shafawa ke ganin kamar ta samu magani. Bayan ƴan makonni sai su tada sababbin ƙuraje masu yawa, duk girmansu ɗaya. Fata ta yi siriri kamar takarda, ta yi zane-zane. Makero da ƙazwa su samu wurin zama. Wadda ta daɗe tana shafawa ga jiki duka na iya samun hawan jini da ciwon sukari. Hydroquinone kuwa, in an daɗe da shi, shina mayar da kumatu baƙi ƙirin, baƙin da ke da wuyar magani.

A shekarar 2003 anka buga wani bincike da anka yi a Dakar, ƙasar Senegal. Cikin mata 368 da sunka je likitar fata, fiye da rabi na shafa man sa fari, kuma ƙurajen fuska na cikin cututtukan da anka samu gare su. A shekarar 2015 gwamnatin Kodibuwa ta hana saida irin waɗannan mayuka a ƙasarta.

Wadda ta daɗe tana shafawa ta tafi likita a nuna mata yadda za ta bari sannu-sannu. In ta bari lokaci guda, fuska na iya tashi da zafi, har ta koma ma man.

Haka nan kafso da ake saye hannun ƴan talla. Mutum shi sha biyu yau, shi sha ɗaya jibi. Ƙurajen ba su tafiya, ƙwayoyin cuta kuma su saba da maganin. Ran da wata babbar cuta ta zo, maganin ba shi aiki.

MAGANIN GASKIYA NA SON HAƘURI

Akwai magani mai kyau a kantin magani na hukuma. Ɗaya daga ciki shi ne Peroxyde de benzoyle. Akwai mai lamba 2,5, akwai mai 5, akwai mai 10. A shekarar 1986 wani bincike ya nuna mai 2,5 na aiki kamar mai 10, kuma bai kai shi ƙona fata ba. Ashe ƙarfin magani ba shi ne warkewa ba. Kaɗan ake shafawa, sau ɗaya a yini da farko. Shina koɗar da launin tufa, a kiyaye zane da kallabi.

Maganin ƙuraje ba shi nuna aikinshi sai bayan mako 6 zuwa 8. Wani lokaci sai an kai wata 3. Mai canza magani kowace kasuwa ba zai san wanda ya karɓe shi ba. Zafin nema ba shi kawo samu.

Mace mai ciki, ko mai sa ran ciki, ko mai shayarwa, ta faɗa ma ma'aikacin lafiya tun farko. Wasu magungunan ƙuraje, kamar Doxycycline da Isotrétinoïne, na cutar da ɗan da ke ciki.

ABIN DA YA KAMATA A YI

1. A wanke fuska da sabuni sau 2 kawai a yini, safe da dare.
2. A zaɓi sabuni marar ƙarfi. Ban da sabunin wankin tufa, ban da na gari.
3. A wanke da tafin hannu, ban da soso. A ɗauraye sosai da ruwa mai tsabta.
4. In an dawo daga gona da gumi, a ɗauraye da ruwa, ya isa.
5. A tsane fuska da tsumma mai tsabta, kar a goge da ƙarfi.
6. Kar a shafa kanwa, toka, lemun tsami ko man goge haƙori.
7. Kar a matsa, kar a tsaga da reza ko allura.
8. Magani ɗaya a lokaci ɗaya, wanda ma'aikacin lafiya ya nuna.
9. A rage lemun kwalba da kayan zaƙi, don suna ƙara ƙurajen ga wasu mutane.

YAUSHE ZA A TAFI LIKITA?

A tafi in ƙurajen manya ne masu ciwo, ko sun fara barin rami. A tafi in an yi wata 3 ana kiyaye dokokin nan ba a ga sauƙi ba. A tafi in fuska ta kumbura da zazzaɓi. A fara da likitar da ta fi kusa, ko a Dan Kasari ne, ko Gesheme, ko Dumega, ko Tibiri. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura mutum asibitin Dogon Dutsi ko na Doso. A Yamai akwai likitoci masanan cututtukan fata.

Ba kowane ƙurji ne bar-ni-da-mugu ba. Yaro ƙarami mai ƙuraje da zazzaɓi da jan ido, ana tsoron ƙyanda, a kai shi likita ran nan. Ƙurajen da ke ƙaiƙayi da dare, sun kama mutanen gida da yawa, ana tsammanin ƙazwa, maganinta dabam.

Iyaye, kar ku ce ma ɗiyanku ƙazamai don ƙuraje. Gorin nan ne ke tura su ga soso da man kasuwa. Ga yawancin mutane ƙurajen na raguwa da kansu bayan an wuce shekara 20. Tabon da hannu ya yi shi ne ke daɗewa.

Ƴan uwa, ku karanta ma waɗanda ba su iya karatu ba, musamman ƴan mata da masu kitso na garinku. Allah ya ba mu lafiya.