Juji da Makaranta: Koyar da Yara Tattalin Muhalli a Ƙasar Batsari da Safana

Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce a duba hanyar da ta dace a bi wajen koya wa 'yan makaranta tattalin muhalli da sake sarrafa shara. An ɗauki Darini ta ƙasar Batsari da ƙauyukan Safana a matsayin misali, domin suna gefen Dajin Rugu, a yammacin Jihar Katsina, inda rayuwar manomi da makiyayi ta rataya a kan ƙasa da itace da ruwan sama. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kuma matuƙar aka kawo wa yaro shi da sunan baƙo, da wuya ya zauna.

Shara a Idon Bahaushe

Hausawa na cewa babba juji ne, kowa ya zo da shara sai ya zuba. Ba a faɗar wannan magana don wulakanci, domin juji wuri ne mai karɓa kuma mai mayarwa. Toka da kashin awaki da ƙaiƙayi da sharar tsakar gida duk a juji suke taruwa, su ruɓe, sa'an nan da bazara a kwashe su a mangala, jaki ya kai gona. Abin da aka zubar bara shi ne takin da zai ciyar da geron bana. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya nuna cewa da irin wannan taki ne gonakin kewayen Kano suka daɗe ana noma su kowace shekara ba tare da an bar su saura ba.

Haka abin yake a sana'o'i. Kara ya zama danga da makamashi, tokarsa ta zama ruwan toka na miya. Tsohuwar taya ta zama takalmi, tsohon tib ya zama guga, gwangwanin madara ya zama fitilar aci-balbal. Maƙeran fari suna narkar da tsohon sanholo su zuba tukunya. Ko allon almajiri wankewa ake yi a sake rubutu a kansa shekara da shekaru. Watau yaron Darini ya tashi yana ganin sake sarrafawa a zahiri, suna ne kawai ba a ba ta ba.

Abin da Ya Sauya

Abubuwa biyu suka karya wannan tsari. Na farko shi ne leda. Tun daga shekarun 1990 ruwan leda ya bazu a Nijeriya, kuma leda ta maye gurbin ganye da ƙwarya da takarda a kasuwa. Ita kuwa leda ba ta ruɓewa kamar sauran shara. Idan ta shiga juji sai ta bi taki zuwa gona, ta hana ruwa ratsa ƙasa, ta tare saiwa. Idan akuya ta haɗiye ta sai ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa alhali tana ci, kuma mahauta sun san wannan sarai. Idan aka ƙone ta, hayaƙinta guba ne ga huhu. Saboda haka ne Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya kuma a 2017.

Na biyu shi ne raguwar itatuwa. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi da itatuwa masu yawa a duk faɗin Sahel, kuma yawan jama'a ya ƙara bukatar gona da itacen girki da gawayi. Inda itace ya tafi, iska takan kwashe ƙasar sama da rani, ruwa ya yi zaizaya da damina. Daga bisani Dajin Rugu ya zama maɓoyar 'yan bindiga, har aka rufe makarantu da dama a Batsari da Safana a shekarun da rikicin ya tsananta, musamman bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020. Rikicin yana da dalilai da yawa, amma ƙuncin wurin kiwo da wurin noma yana cikinsu.

Darasi Daga Baya

Taron Tibilisi na 1977, wanda UNESCO ta shirya, ya yi kira da a shigar da ilmin muhalli cikin kowane darasi, kada a ware shi gefe guda. A gida kuma, shirin dashen itatuwa na Katsina, wanda Tarayyar Tattalin Arzikin Turai ta tallafa wa daga 1987, ya raba irin itace ga manoma, ya kuma jawo 'yan makaranta cikin aikin. Amma ƙarfinsa ya ragu da Turai ta dakatar da taimako a 1995. Wannan ya nuna cewa aikin da ya dogara ga kuɗin waje yakan tsaya ranar da kuɗin suka tsaya.

Misalin Maraɗi ya bambanta. Daga 1983, Tony Rinaudo da manoman yankin suka lura cewa kututturen da ake sarewa kowace shekara suna da rai. Maimakon a share tohon duka, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su, a sassabe sauran. Manoma suka kira abin sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Ba a bukaci komai ba sai wuƙa da sani, kuma sanin ya yaɗu ne da Hausa, daga bakin manomi zuwa kunnen maƙwabcinsa.

Yadda Za a Koyar

Abu na farko shi ne harshe. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa. Yaron da aka ce masa gawo da kirya da kanya da aduwa ya san abin da ake nufi, har zai iya ƙara wa malami bayani. Alal misali, ya san gawo yakan zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, don haka gero yakan yi kyau a gindinsa. Daga abin da ya sani za a ja shi zuwa abin da bai sani ba, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abu na biyu shi ne gwaji. A farkon damina malami ya sa yara su haƙa ramuka huɗu a bayan aji, su binne ganye a ɗaya, takarda a ɗaya, gwangwani a ɗaya, leda a ɗaya. Da kaka a tone. Ganye ya zama ƙasa, takarda ta narke, gwangwani ya yi tsatsa, leda kuwa tana nan yadda aka sa ta. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba ya bukatar dogon wa'azi.

Abu na uku shi ne aiki. A ware juji biyu, na mai ruɓewa da na marar ruɓewa. Na farko ya zama takin lambun makaranta. Ledar ruwa kuwa a yanke bakinta, a huda gindi, a cika da ƙasa da taki, a shuka irin zogale ko darbejiya ko kuka. Kowane yaro ya tafi gida da tsiro ɗaya, a rubuta sunansa, a riƙa auna tsawonsa a darasin lissafi, a rubuta labarinsa a darasin Hausa. A gayyato maƙeri da dattijon manomi su yi bayani a aji, domin yaro ya ga darajar sana'ar ubansa.

Akwai kashedi biyu. Kada a mai da yara 'yan bola jari da sunan darasi, kuma kada a bar su su taɓa tsohon batir ko allura ko kwalbar maganin feshi. Gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta isa ishara.

Kammalawa

Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya haɗa da Jihar Katsina. Amma dasa itace kwana ɗaya ne, renonsa shekaru ne, kuma mai renon shi ne wanda ke zaune a aji uku yau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hakki ne a kan hukumomin ilmi da hakimai da iyaye su tabbatar makaranta ta buɗe cikin aminci, sa'an nan malami ya fara da ramukan nan huɗu a damina mai zuwa.